Talabijin Ɗin da Ba Ta Wasa

Na'urar gem ɗin ta mutum huɗu ce. Kyaftin da ƙanensa Auta da abokansu biyu, Tela da Dogo, su suka haɗa hannu suka saye ta, kuma tun a ranar suka kafa doka guda: na'ura tana kwana a gidan wanda ya fi kowa iya buga ƙwallo a kanta. Inda take kuwa, nan ake zaman Asabar da yamma. Ta yi shekaru a falon Kyaftin, a kan wani ƙaramin teburi da matarsa ta daɗe da cire rai da shi, har ƙafafun na'urar suka bar tabo a jikin katakon. Sunan Kyaftin ma daga nan ya samo asali. Aikinsa koyar da tuƙin mota ne, bai taɓa jagorantar kowa zuwa ko'ina ba sai zagayen fili da ɗalibi a gefensa. Amma ranar Asabar shi ke zama a kujerar tsakiya, shi ke cewa wa zai buga da wa, shi ke cewa an tashi.

Sai Auta, mai kemis, ya fara cin sa. Karon farko aka ce sa'a ce. Da aka sake, Kyaftin ya ce hannunsa ne, wato abin dannawa, maɓallin harbi ya saki. Aka yi musayar hannu, aka ƙara cin sa. Daga nan laifi ya koma kan talabijin.

"Ku duba don Allah," in ji shi, yana nuna gilashin da haɓa. "Wannan ƙwallo ce ko ƙwayar maganin da Auta yake sayarwa? Ta ina mutum zai gan ta?"

"Talabijin ɗin da ka yi shekaru kana yi mana wanka a kanta?" Tela ya tambaya.

"Ta tsufa."

"Ita kaɗai?" in ji Dogo.

Bisa doka, a ranar ya kamata na'ura ta bar gidan. Kyaftin ya nemi alfarmar karawa guda, a kan talabijin ta mutunci. Ya ce idan aka ci shi a wannan, shi da kansa zai ɗauki na'urar ya kai ta motar Auta.

"Na yarda, Yaya," in ji Auta. "Ko a bangon sinima ne."

A shagon kayan lantarki, talabijin-talabijin suna jere har rufi, duk suna nuna aku ɗaya yana juya wuya a hankali. Mai shago ya kai Kyaftin gaban mafi girma, ya ce wannan ita ce fo-ke. Ya ce kowane hoto da ɗigo-ɗigo ake haɗa shi, kuma ɗigon wannan ya ninka na talabijin ɗin gida sau huɗu. Kyaftin ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana bin gashin aku ɗaya bayan ɗaya.

"Wato zan ga ƙwallo ninki huɗu?"

"Har ɗinkin jikinta, yallaɓai."

Mai shago bai tambayi wace irin na'ura za a jona ba. Da ya tambaya, da dole ya faɗi cewa tsohuwar na'ura irin tasu iya ɗigon da take da shi take aikowa, sauran kuma talabijin ce take cikewa da ƙiyasi. Sai da aka ɗaure kwalin a saman motar koyon tuƙi, igiya ta ratsa ta tagogi, sannan ya tuna da wani abu.

"In za ka jona gem, yallaɓai, ka sa ta a yanayin wasa."

Kyaftin ya dube shi daga sama zuwa ƙasa. "Malam, na yi maka kama da mai wasa?"

Mai shago ya ce a sauka lafiya.

Kafin a rataye ta, sai da aka sauke agogon bango da hoton yara. Da aka gama, ta rufe makunnin fitila, sai mutum ya zura hannu ta bayanta yana lalube kafin falo ya samu haske. Matar Kyaftin ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo.

"Baban yara, ita wannan ita za ta riƙa buga maka ƙwallon?"

"Ita za ta nuna mini ita."

"To shi Auta rufe masa ido za a yi? Na ga bango ɗaya za ku kalla."

Ya ce harkar fasaha ba ta kowa ba ce, ya ɗauki rimot. Ya bi jerin gyare-gyaren hoto daga sama har ƙasa, duk abin da ke da alamar ƙari ya kunna shi: mai ƙara launi, mai fito da gefen abu, mai goge dusashe, mai sa motsi ya yi sulɓi. A cikin jerin ya ci karo da yanayin wasan da mai shago ya ambata. Ya danna don ya gani. Nan take launi ya lafa, ciyawar fili ta koma kore irin na ciyawa.

"Ashe wasan ne da gaske," ya ce, ya mayar da ita inda take da sauri.

Sauran kwanakin bai yi atisaye ba. Kullum ya dawo daga aiki sai ya kunna na'ura, ya tsayar da gem ɗin cak, ya zauna yana kallon ciyawa. Gaskiyar abin da ke bangon kuwa ba ta da yawa. Hoto ya ƙara girma, launi ya ƙara kauri, rubutun sunayen 'yan wasa ya fi karantuwa. Ɗinkin ƙwallo bai fito ba, don na'urar ba ta taɓa aiko da shi ba. Abu guda ne sabo: 'yan kallon da ke kan benci, waɗanda a tsohuwar talabijin suke wucewa a matsayin mutane, yanzu kowa na iya ganin mutum uku ne aka yi ta maimaitawa, fale-fale kamar an yanko su daga kwali.

Ranar Asabar baƙi suka iso. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi fito. Tela ya je kusa ya duba rigunan 'yan wasa da idon sana'a, ya ce ja ya yi ja har yana neman zuba. Auta ya gaida matar yayansa.

"Matarmu, an ce kin yi sabuwar maƙwabciya a bango."

"Ta zo da girman kai, ko fitila ba ta bari a kunna. In ka tashi tafiya ka bar mini teburina."

"Wa ya ce zai tafi da wani abu?" in ji Kyaftin daga kujerar tsakiya.

Auta ya ɗauki hannunsa ya ɗan gwada kafin a fara. Ya tura ɗan wasa dama, ya tura shi hagu, ya danna tsalle. Ya sake dannawa yana kallon yatsansa, yana kallon bango.

"Yaya, tana da nauyi. In na danna sai ta yi shawara kafin ta yi. Miƙo rimot in sa ta a wasa."

"Ka sa ta a me?"

"A wasa. Akwai wurin a ciki."

"Na gan shi." Kyaftin ya tura rimot ƙarƙashin cinyarsa. "Na ga abin da yake yi. Ka ga hoto ya fito, hankalinka ya tashi, kana so ka mayar mini da ita irin ta gidanka."

"Ba wasa na raini ba ne, suna ne kawai. Duk kwalliyar nan da ka kunna, sai ta tsaya ta yi wa kowane hoto kafin ta nuna mana. Shi wancan yana hana ta tsayawa."

"Wato in sayi mota mai sanyi in kashe sanyin don kai ka saba da zafi."

"Mu biyu abin zai shafa fa."

"To ka yi haƙuri da rabonka. Ku shaida, Tela, Dogo. Wannan talabijin ba ta wasa, ni ma yau ba wasa na zo yi ba."

"Mun shaida," in ji Tela. Ya gyara zama kamar wanda aka biya wa tikiti.

Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba. Amma duk abin da ya bayyana a bangon ya riga ya faru a cikin na'ura, kamar labarin da aka riƙe a ɗakin tace labarai. Kyaftin kan gaya wa ɗalibansa kullum cewa birkin da ke kamawa a makare ba birki ba ne. A falonsa bai gane shi ba, don ya zo da launi.

Duk ƙwarewarsa a kan lokaci take. Yakan jira sai ɗan gaba ya zo daf, sannan ya zare masa ƙwallo daga ƙafa. Yau ya jira, ya danna, mai tsaron bayansa ya zame a kan kyakkyawar ciyawa bayan ɗan wasan Auta ya wuce. Auta kuwa, da yake ya san ciwon, sai ya riƙa dannawa tun kafin ido ya ce masa danna. Ƙwallon farko ta shiga ta kusurwa. Talabijin ta maimaita ta a hankali, ta gaba da ta baya da ta sama.

"Kai, hoto!" in ji Dogo. "Dubi yadda raga take rawa."

"Hannun nan ne," in ji Kyaftin.

"An wanke hannu tun wancan zaman," in ji Tela. "An wanke tsohuwar talabijin ma, Allah ya ji ƙanta. Saura wa?"

Ta biyu ta shiga kafin hutun rabin lokaci. A hutun Auta ya sake miƙa hannu wajen rimot. Kyaftin ya ƙara danne ta da cinya. Bayan an dawo ya samu bugun fanareti, har matarsa ta leƙo da ludayi a hannu. A gem ɗin akwai wani ɗan layi da ke cika yayin da mutum ya danne maɓalli, ana sakinsa idan ya kai tsakiya. Kyaftin ya saki daidai lokacin da ya ga ya kai tsakiya. A cikin na'ura ya riga ya wuce. Ƙwallo ta tashi ta bi ta saman raga ta faɗa cikin mutanen kwali.

"Ka gan ta kuwa wannan karon?" matar ta tambaya, ta koma kicin.

Aka tashi uku da nema.

Auta bai yi murna ba. Ya jira yayansa ya miƙe, ya ɗauki rimot daga kan kujera, ya danna nan ya danna can. Launi ya lafa. Ya miƙa wa Kyaftin hannun gem ɗin.

"Danna ka ji."

Kyaftin ya danna. Ɗan wasa ya yi tsalle tare da yatsansa. Ya tura shi gaba, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya buga, ƙwallo ta shige raga. Auta ko nasa abin dannawar bai ɗauka ba, hannayensa suna aljihu. Kyaftin ya tsaya yana kallon bangon, bakinsa a ɗan buɗe.

"A sake," ya ce. "Kun gani da idonku. Wancan ai ba wasa ba ne."

"Haka ka ce tun kafin a fara, Yaya. Har shaidu ka kafa."

"Mun shaida," in ji Dogo.

"Shi ya sa masu iya magana suka ce da wasa ake gaya wa..." Tela ya dubi fuskar Kyaftin ya yi tari. "Na manta ƙarshenta."

Kyan alkawari cikawa. Kyaftin ya durƙusa ya zare wayoyi, ya nannaɗe su, ya rungumi na'urar ya bi bayan ƙanensa zuwa mota. Tela da Dogo suna biye da su suna shawarar wa zai zo da kujerar roba Asabar mai zuwa, don falon Auta kujeru uku ne, talabijin ɗinsa kuma ba ta fi faranti ba.

"Ni zan fara bugawa da kai," in ji Kyaftin, bayan ya ajiye na'urar a kujerar baya.

"Mai na'ura ne ke cewa wa zai buga da wa," in ji Auta. Ya tayar da mota. "Za ka shiga layi. Bayan Dogo."

Dogo bai taɓa cin kowa ba tun da aka sayi na'urar.

Da Kyaftin ya koma ciki, ya tarar matarsa har ta goge teburin, ta shimfiɗa ƙyalle a kan tabon, ta ɗora agogon bangon da aka rasa wurin ratayewa. Ya zauna a kujerar tsakiya. Talabijin tana kunne, baƙa ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan, sai wani ɗan rubutu fari a tsakiya da ke sanar da cewa babu abin da aka jona mata.

Matar ta tsaya a bayansa ta karanta.

"Rubutun dai ya fito tas," ta ce. "Miƙo rimot."