Ramin Tsakuwar Bayan Gidan Habila

Tun ranar da tifofi suka daina zuwa, Habila kafinta ya san akwai abin da ke tafe. Shi ya bi unguwar Gidan Igwai gida-gida da takardar koke, har ƙaramar hukuma ta rufe ramin tsakuwar bayan gidansa. Masu haƙa suka tafi da injinsu na janye ruwa, ga damina ta kankama, rami sai cika yake yana cin ƙasa.

Da safe matarsa Talatu ta nuna masa tsagar bangon ɗakin 'ya'yansu.

"Baban Esther, jiya yatsa ke shiga. Yau hannuna ya shige."

Kantoma ya ce za a cike ramin. Ba wanda ya san ko motocin ƙasa za su riga hadari isowa.