Fensirin Egya Bentsil

Shekara talatin da ɗaya Egya Bentsil yana tsaron ɗakin kwalabe na wata jami'a ta bakin teku. Kwalba ɗari huɗu, kowace da halittar da aka tsamo daga can ƙasan ruwa inda rana ba ta kaiwa: tsutsotsi, makafin ƙaguwa, wasu kamar majina. Suna jiƙe cikin sifirit, ruwan da ke hana su ruɓa, kowace da 'yar takarda a ciki, an rubuta da fensir inda aka kamo ta da zurfin wurin. In babu takardar nan, halittar da shara duk ɗaya.

Sai aka kawo sabon shugaba, Dokta Amissah, wanda harkar mulki ya karanta. Ƙaguwa kam a faranti kawai ya san ta. Ga masana za su zo daga Turai ranar Litinin.

"Egya, fensir? Firamare muke?"

"Dokta, sifirit yana cin tawada."

"Kai ma shekaru sun cinye ka. Ga takardar sallamarka, ƙarshen wata ka je gida ka huta."

Ya sa aka sake rubuta komai da biro shuɗi, aka watsa tsofaffin takardun a kwando. Egya ya bi kwandon. Ya tsince su, ya zuba a gwangwanin madara.

Ranar Litinin aka buɗe ɗaki. Ruwan kwalabe ya yi shuɗi, takardu fari fat. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗaga kwalba.

"Wannan daga ina?"

Dokta ya gyara wuyan riga. "Daga teku."

"Ai ba mu ce daga gona ba."

Da gudu Dokta ya fita, ya iske Egya a gindin kwakwa yana cin kenke, wato dokunun masara, da soyayyen kifi.

"Egya, babana..."

"Au, yau na haife ka?"

"Takardun nan fa?"

Egya ya nuna gwangwani da haɓa. "Ga su. Amma wace takarda ce ta wace kwalba, wannan yana cikin kan da shekaru suka cinye."

"Kwana nawa zai ɗauke ka?"

Tsoho ya lashe yatsa. "Ido ya yi rauni. Shekara biyar."

Dokta ya karɓi takardar sallamar, ya yaga da hannunsa. Egya ya laluba aljihu, ya miƙa masa guntun fensir da reza.

"Fara da feƙe wannan, ɗana. Kada ka karya bakin."