Kofi Mai Jan Zare

Yam Lal Sapkota ya tsufa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kasugai yana sayar wa Japanawa gurasa da miyar kori, sai ga shi an rufe ƙofar da ya shigo ƙasar ta cikinta. Izinin zama na masu ƙaramin jari aka soke, aka kawo wani sabo wanda mai shago irin nasa ko a mafarki ba zai iya cika sharaɗinsa ba. Wa'adin da aka ba su ya kusa cika, izininsa kuma ƙarshen bazara zai mutu. Da shi kaɗai ne da sauƙi. Amma na matarsa Sabitri da na 'yarsu Pabitra duk a jikin nasa suke rataye, in ya faɗi sun faɗi.

Pabitra ce abin ji. A nan aka haife ta, a nan ta yi wayo, saura shekara guda ta gama sakandare, kuma ta ƙwallafa rai sai ta karanci jinya. Harshen iyayenta kuwa, in ta buɗe baki da shi a waya, kakarta sai ta yi ta tambaya wai me yarinyar nan take faɗa. A ɗauki wannan a kai ta ƙauyensu na Galkot, can ƙasarsu, ta yi me?

Ya je wurin Inagaki, dattijon da ke shirya wa baƙi takardu. Inagaki ya ce hanya uku ce. Ta farko zama na dindindin, wanda Yam Lal ya daɗe yana ganin kamar yana aljihunsa. Da dattijon ya buɗe fasfo ya ga shekarar da mahaifin Yam Lal ya rasu, sai ya zuƙi iska ta tsakanin haƙora, wanda duk mazaunin ƙasar nan ya san ba alheri ba ne. Yam Lal ya tafi gida ne ya aske kai, ya sa fararen kaya, ya yi wa uba abin da ɗa yake yi. Da ya tashi dawowa uwa ta sa kuka, ya zauna bikin Dashain, ya zauna girbi, har ya kusa rabin shekara. Ashe wannan zaman ya goge masa lissafin shekarun da ya yi a Japan, sai dai ya faro daga farko. Hanya ta biyu ya tattara ya koma gida. Ta uku, ya daina zama mai shago ya koma kuku, tunda shekarun da ya yi yana girki a birnin Delhi kafin ya zo Japan suna nan a rubuce. Sai dai dole wani mai izinin dindindin ya karɓi shagon, ya ɗauke shi aiki.

"Ai kana da mutumin," in ji Inagaki. "Wannan mai yi maka gurasa, ba 'yar ƙasa yake aure ba?"

Yam Lal ya sunkuya ya gode, ya fito yana zufa.

Mutumin da ake nufi sunansa Harka. Ɗan ƙauyensu ne, Yam Lal ne ma ya kawo shi Japan, amma daga gidan maƙera ya fito, shi kuwa Yam Lal daga gidan masu addu'a, masu rataya zaren ibada a ƙirji. A can gida uban Harka bai taɓa tsallake bakin ƙofar Sapkota ba. In ya kawo lauje, a ƙasa yake ajiyewa, a yayyafa wa laujen ruwa kafin a ɗauka. A nan Japan kuwa hannun Harka ne yake ciyar da gidan kaf, mutane har layi suke yi don gurasarsa. Amma tsawon shekarun nan loma ɗaya ta girkinsa ba ta taɓa shiga bakin maigidansa ba. Sabitri ce take dafa nasu a saman bene, inda suke zaune. Kuma tun ranar da Harka ya sauka ta ware masa kofin ƙarfe, ta ɗaura masa jan zare a hannu don kada ya haɗu da sauran, aka kafa masa ƙusa a bayan tanderu. Abin kunya ne, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyarsa a gidan.

Sai da Yam Lal ya zagaye duk 'yan garinsu da ke birnin Nagoya tukuna, yana neman mai karɓar shagon. Wannan ya ce shi ma ta kansa yake yi, wancan ya daina ɗaukar waya. Sabitri ta ce gara su koma da dai a ji a gida mijinta yana yi wa ɗan maƙera aiki. Ta faɗa da baki, amma da asuba yakan ji ta tana jan majina wajen haɗa wa Pabitra abincin makaranta.

Ranar da ya ga ba sauran lokaci, bayan masu cin rana sun watse, ya sauke ƙofar shago rabi ya shiga kicin. Ya fara da tsadar fulawa, ya koma kan zafin bana, ya yabi Fumie matar Harka, ya yi ta kewaye kamar mai neman aure. Harka yana kankare bakin tanderu, ko waiwayowa bai yi ba. Da ƙyar maganar ta fito. Yam Lal ya ce ai suna ne kawai za a canza a takarda, komai zai ci gaba yadda yake.

Harka ya ce ya san da zancen tun tuni, har sun yi shawara da Fumie. Ya ce amma ba zai sa hatiminsa a kan ƙarya ba, don ma'aikata sukan zo dubawa ba sallama, in sun samu kuku yana zaune wurin karɓar kuɗi duk su biyun sun shiga uku. Wanda aka rubuta kuku, shi zai tsaya gaban wuta. Yam Lal ya ce ya yarda.

Harka ya ce, "To zauna, maigida. Ba ka ci abinci ba."

Ya ɗauko faranti ya zuba shinkafa tana tururi, ya kwarara miyar wake a kai, ya ajiye a teburin da ke kusa da kicin. Da gurasa ce ko wani abin soyawa, da an sami hanyar lallaɓawa, amma dafaffiyar shinkafa ita ce abin da ba a karɓa daga hannun irinsu ko ana mutuwa, kuma Harka ya fi kowa sani. Sannan ya miƙa hannu bayan tanderu ya sauko da kofin nan, ya cika shi da ruwa, ya dangwarar kusa da farantin. Ya zaro hatiminsa daga aljihu ya aje a gefe, ya ja kujera ya zauna.

Tsoro ya kama Yam Lal, tsoro na gaske, har yana jin zaren da ke ƙirjinsa ya jiƙe ya manne masa. Ya ce ya ƙoshi. Ya ce cikinsa ba daidai yake ba kwana biyu. Sai ga motsi a matakala, Sabitri ta sauko rabi ta tsaya, hannu a baki.

"Baban Pabitra, ka tuna Inna tana da rai," ta ce a hankali.

Ai ya tuna. Ya san kafin dare labarin zai kai Nagoya, kafin gobe ya kai Galkot, tsohuwa ta ce ɗanta ya mutu. Ya dubi Harka ya ce ya roƙe shi, ya faɗi wani abu daban, ko rabin riba, ko shagon ma duka.

"Shagon ai kai ka kawo mini shi, ban roƙa ba," in ji Harka. "Babana har ya mutu shi yake wanke kofinsa a wurin mai shayin ƙauyenmu, bayan ya biya. Ni ma na wanke nawa a gidanka. Ba zan ɗauki kukun da ke ƙyamar abincin shagona ba."

Yam Lal ya miƙe. Ransa ya ɓaci, ya nufi ƙofa, kuma da niyyar fita ya nufe ta. Sai aka ji ƙarar birkin keke a waje, Pabitra ta sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofar da jakarta a baya, fuska duk zufa. Ta gaishe su da Japananci, ta ce zafin nan zai kashe ta. Ta wuce ubanta, ta ɗauki kofin mai jan zare ta kafa kai sai da ta ga ƙarshensa. Ta sake cika shi ta mayar, ta tsinci loma a farantin, ta ce wa Harka, "Kawu, yau gishiri ya ɗan yi yawa." Ta raɓa uwarta ta haye sama.

Daga yadda hannunta ya tafi kan kofin ba ko dubawa, Yam Lal ya gane ba yau ta fara ba. A zuciyarsa ya hango ta a tsakar gidansu na ƙauye, kakarta tana bin ta da ruwan tsarki, mata suna janye tukwanensu, ita kuwa ba ta ma san laifin da ta yi ba.

Ya dawo ya zauna. Ya cuɗa shinkafar, ya kai baki. Sabitri ta juya ta hau sama da sauri. Ya ci, yana ci hawaye na sauka cikin farantin, bai bar ko ƙwaya ba. Ya ɗauki kofin ya shanye.

Harka ya ɗauki hatiminsa, ya ce gobe da safe za su je wurin Inagaki tare, daga can kuma su dawo ya nuna masa yadda tanderun nan yake cin gashin hannu, don ya daɗe rabonsa da shi.

Yam Lal ya kai kofin wurin famfo ya wanke da kansa. Ya tsaya yana ƙoƙarin kwance jan zaren da farce, ƙullin ya tsufa ya ƙi.

"Bar shi, Yam Lal," in ji Harka. Bai taɓa kiran sunansa ba sai yau. "Daga gobe naka ne."

Yam Lal ya daɗe yana kallon kofin. A sama yana jin Pabitra tana karanta darasinta da ƙarfi. Ya zagaya bayan tanderu, ya rataye shi a ƙusar.