Keken Allura a Ƙetaren Gada

Allura ake ce mata, ba don ɗinki kaɗai ba, har da bakinta. Da hantsi ta shiga shagonta ta tarar da teburin keken ɗinki tsaye, kan keken babu, sai ramukan noti da ɗigon mai. Keken nan shi ke ciyar da ita da marayunta uku. Maƙwabciyarta mai wanki, wadda ko tari ka yi a unguwar sai ta san dalilinsa, ta rantse ta ga ƙanin mijin Allura, mashayin nan, ya ratsa kogi da buhu a ka ya nufi tasha. Motar birni kuwa da azahar take tashi.

Allura ta zari mayafi, sai caji ofis.

Ofishin ɗaki biyu ne da kanta, wato teburin karɓar ƙara. A bango an liƙa sunayen ma'aikata shida: biyu sun rasu, ɗaya ya yi ritaya, biyu sun zo sun ga garin ba ruwa ba wuta suka juya. Saura Kofur, shi kaɗai ga ƙauyuka tara. Motar ofis tana waje a kan duwatsu, kajin matarsa na saka ƙwai a ciki.

Kofur ya saurare ta, ya rubuta, sannan ya ce dokar aiki ta hana a bar kanta ba kowa. In oba-oba, na'urar maganar 'yan sanda, ta yi kira daga hedikwata ba a amsa ba, kashinsa ya bushe.

"To wa zai zauna maka? Matattun da ke bango?"

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin zan dafa wa yara? Tashi, ni zan zauna."

Ya fara kame-kame, sai ta tuna masa sau nawa ta yi wa wandon kakinsa faci a mazaunai ba ta gaya wa kowa ba. Nan ya sallama. Ya koya mata abu ɗaya: in na'urar ta yi magana, ta danna nan, ta kumbura murya ta ce komai lafiya, ta saki. Ya rataya takalmansa a wuya ya nufi kogi, don gadar garin ta karye damina huɗu ke nan, sai dai mutum ya shiga ruwa har ƙirji.

Ba a jima ba oba-oba ta yi ƙara, Sufeto na neman rahoto. Allah shaida, komai lafiya ta yi niyyar cewa. Amma da ta danna, hannun ya ƙi saki, bakin ya ƙi rufuwa. Ta ba shi labarin gada. Ta ba shi labarin matar wanzami da ta haihu a bakin kogi ana neman mai ɗaukarta, da famfon da aka yanka masa ƙyalle ya ba da ruwa kwana biyu ya ƙafe. Ta karanto masa sunayen bango, ta tambaye shi ko daga kabari ake so su riƙa kama ɓarayi.

"Wace ce wannan? Ina Kofur?"

"Ya tafi aikin mutum shida, yallaɓai."

Kafin azahar mai wanki ta faɗo ofishin tana haki, wai ga motar 'yan sanda a ƙetaren gada. Shekara huɗu ana kiran motar hedikwatar nan, an kira ta a kan kisan kai ma ba ta zo ba, yau ga ta.

Allura ta isa bakin ruwa ta hango komai. Ga Kofur can jiƙe sharkaf, kan kekenta a kafaɗarsa, ɗaya hannun riƙe da ƙugun ɓarawo. Ashe ya cim masa a tasha ana ɗaure kaya a motar birni. Sufeto ya taka har inda gadar ta gutsure, ya leƙa ruwan, ya dubi takalminsa mai ƙyalli, ya ja da baya. Sai ya juya kan Kofur ya tsige masa hula, wai ya bar wa farar hula ofishin hukuma. Kofur ya saki ɓarawo don ya ƙame, ɓarawo ya sulale cikin gonaki, ba wanda ya ko waiwaya. Aka tura Kofur bayan mota, aka jefa keken kusa da shi, wai kayan shaida ne.

Allura ta yi ta kwarara ihu har muryarta ta dushe. Abin da ya ƙetaro mata kawai shi ne ta zo hedikwata ta karɓa.

Sau uku tana ratsa kogin. Kullum sai a ce mai makullin ɗakin ajiya shi kaɗai ne, kuma ya fita aiki.

Yanzu da hannu take ɗinki, rigar da take gamawa kafin azahar sai ta kwana uku a cinyarta. An garƙame caji ofis da kwaɗo. Sati guda oba-oba ta yi a ciki tana neman rahoto kowace safiya kafin batirinta ya mutu, kuma kowace safiya Allura takan tsaya ta saka baki a taga ta ce, "Komai lafiya, yallaɓai," sannan ta tofar da yawu ta wuce.