Sakatar Baba Tela

Surukina tela ne, muna ce masa Baba Tela, kuma ban taɓa ganin mutum mai dokoki irinsa ba. Namiji ba ya cin abinci a tsaye. Namiji ba ya leƙa ƙofar gida da singileti. Namiji ba ya cewa wayyo. Ranar da allurar keken ɗinki ta huda masa yatsa, zare ta ya yi, ya naɗe wurin da ƙyalle, ya ƙarasa wuyan rigar mutane. Mijina kan ba da labarin nan yana washe baki. Ni kuwa tsigar jikina ke tashi.

Ran nan da hantsi daga ni sai Baba a gida. Mijina direban babbar mota ne, yana kan hanya. Ina wanke-wanke na ji tim daga banɗaki, bokiti ya kife, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa.

"Baba, lafiya?"

Can ya ce, "Lafiya lau." Amma harshen ya karye, kamar mai magana da ruwa a baki.

Na tura ƙofa, ashe ya sa sakata ta ciki. Na ce, "Baba, zan ɓalle ta."

"Kul! Ba sutura a jikina. Kira namiji."

Namiji, da hantsi, ranar aiki! Na fita ko takalmi babu. Kafintan da ke maƙwabtaka da mu ya tafi aiki, shagon bakin layi a rufe. Na buga wa mijina ina haki. Ya ce, "Shi ya ce kar ki buɗe? To kar ki buɗe. Ga ƙanena nan zuwa." Ƙanen nasa kuwa yana can ƙarshen gari.

Na dawo da taɓarya a hannu. "Baba, don Allah. Zan rufe idona, in lulluɓa maka zane."

"'Yata, kar ki tozarta ni. Jefo min kayana."

Na jefa riga da wando ta saman ƙofa.

"Hula."

Hula! Mutum na mutuwa yana neman hula. Na jefa masa. Na zauna a jiƙaƙƙen siminti ina jin yadda yake jan jiki, yana nishi ta hanci, hannu na zamewa a bango. Ko sau ɗaya bai ce wayyo ba. Ina kuka ina jin haushinsa, Allah Ya yafe min.

Da ƙanen mijina ya iso, ƙafa kawai ya sa, ƙofar ta buɗe. Ƙofar da ni ma zan iya da ita tun ɗazu. Baba na jingine da bango, rabin fuskarsa ya zube, maɓallan riga a karkace, hula daram a ka.

A asibiti likita ya tambayi lokacin da ya faɗi. Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya dube mu. "Me kuka tsaya yi?" Baba bai kai la'asar ba.

Wajen ta'aziyya maza suka yi ta jinjina kai. "Da hularsa fa aka same shi! Kai, an yi namiji." Mijina ne ma ke ba su labarin, ido jajir, murya cike da alfahari. Ina daga ciki ina ji, kamar in fito in watsa musu ruwan wanke-wanke. Mutum ya tafi a banza, suna ta yabon hula.

Da kafinta ya zo gyaran ƙofa na ce masa kada ya mayar da sakata. Mijina ya dawo ya gani. Shi ma kwanakin nan yakan dafe ƙeya ya runtse ido, in na tambaya ya ce ba komai.

Washegari na ji bugun guduma. Na leƙa. Mijina ne ke kafa sabuwar sakata, ta fi ta Baba kauri. Da ya gama ya shiga ya gwada ta daga ciki.