Faifan Baba Jonah

Faifai uku ne a kan teburin, kowanne naɗe cikin farin tsumma. Jonah ne ya jera su da kansa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan wani ƙaramin asibitin haihuwa a Gumel. Yana saurayi aiki ya kawo shi daga Pankshin, tun kafin asibitin ya sami kwamfuta, a nan kuma ya yi furfura. Kowace Juma'a, idan abokan aiki sun tafi masallaci, sai ya kwafe sabar baki ɗaya a faifai ya kulle a durowar ƙarfe. Bai taɓa tsallake mako ba. Yanzu saura wata biyu ya yi ritaya, sai ga Mahbuba, wadda aka ɗauka don ta gaje shi, ta zo masa da tambaya.

"Baba, an taɓa tayar da ɗaya daga cikin faya-fayan nan kuwa?"

"Tayarwa kamar yaya, 'yata? Ai kullum sai na ga ya rubuta an kammala."

"Kwafi ne aka kammala, Baba. In ruwan damina ya shigo ɗakin nan ya kashe saba, muka ɗora faifan a wata kwamfutar, za ta tashi?"

Ya dai ce su haɗu ranar Asabar da safe.

Ga shi Asabar ɗin ta zo. Mahbuba ta ɗauko wata kwamfuta da ba a amfani da ita, ta cire mata wayar da ke haɗa ta da sauran, don kada gwaji ya taɓa aikin asibiti. Suka juye mata faifan makon jiya, suka kunna. Fanka ta yi gurnani, allo ya yi haske, sannan ya koma baƙi da layi ɗaya tak: babu abin da zai tayar da na'ura. Na biyu ma haka. Na uku ma haka.

Jonah ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Matan da ke zuwa daga Gagarawa da Maigatari, har da na tsallaken iyaka, su suka faɗo masa a rai. Da yawa kan iso da naƙuda, kati ya ɓace tuntuni, sai suna kawai. A cikin sabar nan ake ganin rukunin jininsu, da wadda aka taɓa yi wa tiyata.

"Na san ya kamata in gwada," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sau nawa ina ɗauko faifan in mayar. Tsoron abin da zan gani nake yi."

Mahbuba ba ta ɗago ba. Ta buɗe faifan ta wata hanya, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, matso ka gani. Bayanan duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Ɗan ɓangaren da ke tayar da na'urar ne kwafin ba ya ɗauka. Ɗaki ne cike da kaya, ƙofa ce kawai babu."

Gyaran bai fi na minti ɗaya ba, amma ba ta yi da kanta ba. Ta miƙe ta ba shi kujerar, ta nuna masa wurin da ake zaɓar ɓangaren, shi ya sa alama da hannunsa. Sabon kwafin ya ci awa biyu. Ta je ta yi azahar ta dawo, suka raba dambun da matarsa Felicia ta zubo masa a kula.

Da suka kunna, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci. Jonah ya dafe gefen tebur. Sai tambarin asibitin ya bayyana.

"Kada ki yarda tukuna," ya ce. "Nemo suna mu gani."

Ta rubuta sunan mahaifiyarta: Laure Mati, daga garin Ɗanzomo. Ba ta sa ran komai ba, don lokacin da aka haife ta a nan, asibitin ba shi da kwamfuta. Sai ga layi ya fito: shekarar 1999, 'ya mace, kilo biyu da rabi.

"Baba, wannan daga ina?"

"Tsofaffin rajistocin ne. Gara ta fara cinsu, sai na riƙa shigar da su shafi-shafi. Shekara biyu na yi a kai."

Ta matsa kusa ta karanta bayanin da ke ƙarshen layin: "Uwa lafiya. Jaririya ta cika ɗaki da ihu."

"Haka ungozoma ta rubuta," in ji Jonah. "Ni kwafa kawai na yi."

Mahbuba ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafinta. Ta ɗauki hoton allon don ta nuna wa Inna.

"Watan gobe mu sake gwadawa, Baba."

"To," ya ce, yana ture mata kujerar. "Amma ke za ki kunna. Ni zama zan yi in kalla."