Kalmar da Tsoho Pu Ya Zaɓar wa Surukarsa

Saura wata uku bikin 'yarsa, Tsoho Pu ya faɗo shagona na aski da tsakar rana, gaban rigarsa duk man barkono, ya kifa wani ƙaton littafi mai jan bango a gaban madubi.

"Deng, rufe shagon nan."

"Haba Yaya Pu, ina da kan mutum a hannu. Ka ga rabi na aske."

"Ya tafi da rabin, shi ake yayi yanzu. Turanci zan koya."

Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka a layinmu na birnin Chengdu a ƙasar Sin, shi yana sayar da taliya, ni ina aski. 'Yarsa tilo, Shanshan, ta je Scotland karatu, ta dawo da digiri biyu da wani dogon Bature mai suna Callum, wanda in zai shiga shagon taliya sai ya sunkuya. Pu bai ƙi yaron ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne uwar yaron, Moira, wadda aka ce ta yi shekara talatin da biyar tana koyar da Turanci a jami'a, kuma za ta zo biki.

"Uban amarya shi ke jawabi," in ji Pu. "Ka san abin da yarinyar nan ta shirya? Wai ta rubuta, mai gabatar da biki ya karanta da Turanci, ni kuma in tsaya a gefensa ina murmushi kamar dirka. A bikin 'yata! Wani ƙato mai man gashi ya yi magana da bakina!"

"To me ka ce mata?"

"Na ce sai dai a fasa cin abinci."

Sun yi kwana biyu suna ja-in-ja kafin Shanshan ta sassauta. Ta ba shi minti uku. Amma ta kafa sharaɗi a gabana da gaban uwarta Guifen: in ya kwafsa, za ta ɗaga wa mai gabatarwa hannu, a saki kiɗa, a karɓe makirufo, a karanta nata.

"Baba, don girman kakanni ka yi da ƙananan kalmomi. Barka da zuwa, mun gode, ku ci abinci. Shi ke nan."

"To," in ji Pu.

Tana fita ya dube ni. "Ƙananan kalmomi! A gaban farfesa? Kai ka taɓa ganin an yi jawabin biki da yaren sayen albasa?"

Gaskiyarsa. A wajenmu in mutum ya miƙe a taro bai jefa manyan maganganun nan na magabata ba, ana cewa bai shiga aji ba. Pu ya ɗauka haka Turanci yake. Littafin kuwa na Shanshan ne, wanda ta haddace don jarrabawar fita waje, kalma dubu bakwai, kowacce tsawonta ya kai sandar cin abinci. A gefen kusan kowace kalma ta rubuta da ƙaramin rubutunta dabarar da duk ɗalibanmu ke yi: ka nemo maganar yarenmu da ta yi kama da sautin kalmar, ko da shirme ce, ka riƙe ta. Shirmen ne zai tuna maka Turancin.

Ni na zama mai ƙarin karatu. Tsakanin kai da kai sai in leƙa in ƙwala masa kalma ta taga, shi kuma ya amsa daga bakin tukunya.

"Ambition!"

"An-bi-sheng! Dole in ci nasara! Ma'ana, buri!"

"Bachelor!"

"Bai-chi-le! Ya ci banza! Ma'ana, tuzuru!"

"Admire!"

"E-de-ma-ya! Wayyo uwata! Ma'ana, abu ya burge ka!"

Masu cin taliya suka fara zuwa da wuri don kallo. Wata tsohuwa mai sayar da furanni ta haddace kalma arba'in ba da niyya ba. Guifen kuwa tana yanka tafarnuwa tana girgiza kai.

"Baban Shanshan, jiya ka zuba wa mutum sukari a madadin gishiri."

"Ke ba ki san ambition ba."

"Na san mutumin bai dawo ba."

Saura mako biyu ya zo mini da matsala. Yana son ya yabi surukarsa a farkon jawabi, ya ce mace ce mai nauyi, irin nauyin nan na dattaku da natsuwa, wanda a wajenmu babu yabon da ya fi shi ga babbar mace. Muka bi littafin shafi-shafi, yatsa da miyau, har muka ci karo da ita: ponderous. Fassarar da ke ƙasa ta ce, mai nauyi.

"Ga ta!" Pu ya buga tebur. "Dubi tsawonta. Wannan kalmar farfesa ce."

Na karanta rubutun Shanshan a gefe. "Pang-de-yao-si. Ƙiba kamar ta mutu. Yaya Pu, anya kuwa?"

"Kai dai wanzami ne. Wannan ai igiyar ɗaure kalma ce kawai. Tuzuru yana cin banza ne da gaske?"

"Callum ya yi wata shida yana ci a shagonka bai biya ko kwabo ba."

"Wannan daban."

Na ce mu tambayi Shanshan. Ya ce in na kuskura zai koma aski wajen yaran nan masu rina gashi shuɗi. Na ja bakina.

Ranar biki, sha biyu da minti takwas na rana, tebur arba'in cike a babban ɗakin otal. Sai a lokacin na fara ganin Moira. Mace ce gajera, mai fara'a, farin gashi, cikin jar riga irin tamu da Guifen ta sa aka ɗinka mata. Kuma tela ya ci yadi. Kujera ɗaya ta cika ta tam, ta ɗan taɓa ta biyu.

Na ratsa tebura na iske Pu a bayan dandamali yana gumi cikin kwat.

"Yaya Pu, cire kalmar nan."

"Wacce?"

"Ka san wacce. Ka ga matar kuwa?"

"Na gan ta. Mai nauyi ce, kamar yadda na ce." Ya share gumi. "Deng, kaina ya zama fanko. Ban tuna komai ba."

"Riƙe igiyar, Turancin zai biyo baya."

Da na san abin da shawarar nan za ta haifa, da na haɗiye ta.

Mai gabatarwa ya kira uban amarya. Aka tafa. Pu ya hau, ya karɓi makirufo da hannu biyu kamar kwanon miya mai zafi. Ya yi gaisuwar farko lafiya lau, har Turawan teburin gaba su goma sha biyu suka gyaɗa kai. Sai ya juya wajen Moira, ya rusuna, ya buɗe baki zai ce wannan mace mai nauyi ta burge shi. Turancin ya ƙi zuwa. Igiyar ce kaɗai ta zo, kuma ita ya saki cikin lasifika, da ƙarfinsa na mai kiran masu ciniki:

"I e-de-ma-ya this lady! She is pang-de-yao-si!"

Mutum ɗari huɗu suka ji uban amarya ya nuna uwar ango ya ce, wayyo uwata, ƙiba kamar ta mutu.

Sandunan cin abinci suka tsaya a iska. Wani kawun Guifen ya fesar da shayi a kan kifi. Guifen ta rufe fuska da jan ambulan na gudummawar biki. Can baya, teburin masu cin taliyarmu, wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ta fito masa ta hanci.

Turawan ma sun ji nasu, don a kunnensu sautin ya fita ponderous. Na ga Callum ya yi ja har kunne, yana maimaita kalmar a hankali. Ashe a Turancin ma ba yabo ba ce. Daga baya ya gaya mini ana faɗarta ne ga abin da ke tafiya da ƙyar, ko jawabin da ke sa barci.

Shanshan ta ɗaga hannu.

Mai gabatarwa ya yi wa mai kiɗa alama, goge ya fara tashi, shi kuma ya nufo Pu da murmushinsa na aiki, hannu a miƙe. Pu ya ɓoye makirufo a bayansa.

Ban san lokacin da na isa wajen mai kiɗa ba. Na dai san na ga wayoyi huɗu a bango, ban san wacce ce ba, na cizge duka. Kiɗa ya mutu. Fitilun dandamali suka mutu. Injin kumfar sabulu da aka tanada don rawar ango da amarya, shi kuma ban san dalili ba, ya kama aiki.

Cikin wannan shiru, da kumfa na yawo, aka ji wata irin ƙara daga teburin gaba. Moira ce. Ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna girgiza.

"Shi ke nan," in ji Guifen. "Ya sa ta kuka. An fasa aure."

Moira ta ɗago, hawaye sharkaf, tana dariya har numfashinta na sarƙewa. Ta yafito Shanshan, ta tambaye ta me ya sa mutanen ɗakin suka daskare haka. Shanshan ta sunkuya ta raɗa mata gaskiya. Matar ta saki ihu, ta doki tebur har kofuna suka yi tsalle. Sai ta miƙe, ta riƙe hannun amarya, ta ce ta fassara wa jama'a.

Shanshan ta fassara: "Ta ce shekara talatin da biyar tana rubuta wa ɗalibai kalmar nan da jan biro a gefen takardunsu. Ta san suna kiranta da ita a bayan ido. Yau ne karon farko da wani ya sami ƙarfin halin faɗa mata a fuska, kuma da yare biyu lokaci guda." Ta sake sauraron Moira. "Ta ce ba za ta ci komai ba sai ya ƙarasa."

Mai gabatarwa ya dubi Shanshan. Ita ce ta ɗaga hannu, ita kaɗai za ta sauke. Ta dubi ubanta a tsaye cikin duhun dandamali, kumfa ɗaya zaune a kan sanƙonsa, makirufo har yanzu a bayansa.

"Kawu Deng," ta ce, "mayar da wayar."

Na mayar da uku, ta huɗun ta ƙi shiga.

Pu ya gyara murya. Yanzu da ya ga bai mutu ba, sai ya saki jiki gaba ɗaya, bai ma ƙara neman Turancin gaskiya ba. Ya nuna ango.

"Callum, yesterday, bai-chi-le!"

"Ya ci banza!" teburin masu taliya suka amsa baki ɗaya, tsohuwa mai furanni a gaba.

Turawa suka tafa, don sun ji tuzuru. Mu muka tafa, don mun san wata shidan. Callum ya miƙe ya rusuna wa kowane ɓangare.

"My daughter, big an-bi-sheng!"

"Dole in ci nasara!" ɗakin duka ya ɗauka.

Haka aka yi ta yi. Jawabi ɗaya, kunne biyu, kowa na dariyar abin da ya ji. Moira ta ciro biro tana rubutu a kan takardar goge baki. Minti uku suka wuce, biyar, tara. Masu kawo abinci suka tsaya da farantai a ƙofa suna amshi.

Sai Pu ya bar barkwancin. Ya sauko daga dandamali, ya kamo hannun Shanshan ya ɗora a na Callum. Kalmarsa ta ƙarshe na san ta, don ita ce ta fi ba mu wahala. Shanshan ba ta rubuta komai a gefenta ba, babu igiya, babu shirme. Sai da ya sa wani ɗalibi mai cin taliya ya yi ta maimaita masa ita har mako uku, ya haddace ta tsurarta. Ma'anarta ka riƙe abu da daraja, ka tattale shi.

Ya ɗaga kai ya dubi dogon yaron.

"Cherish her."

Babu wanda ya yi amshi. Callum ya ce to da yarenmu. Shanshan ta faɗa ƙirjin ubanta, kwalliyar awa uku ta koma kan kwat ɗinsa.

Da muka zauna, Guifen ta tura masa kwanon shinkafa ba tare da ta dube shi ba.

"Tebur arba'in, Baban Shanshan. A gaban tebur arba'in ka ce wa surukarmu ƙiba."

"Kin ga ta ji haushi? Ga ta can tana ƙari." Ya ɗauki sanduna. "Ke ma na tanadar miki kalma. Shafi na ɗari biyu da tara."

"Ka faɗe ta," in ji Guifen, "ka kwana a shagon Deng."